Daga "na gan shi" zuwa "I saw him": gajerun jimlolin da ake fara Turanci da su

A cikin abubuwan da nake koyarwa a darasin Turanci a ƙaramar sakandaren ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, babu wanda ya kai gajerun jimlolin nan masu kalma uku zuwa biyar amfani ga ɗalibi, kuma babu wanda mu malamai muke yi wa riƙon sakainar kashi kamarsu. Ina nufin jimlolin da mai magana yake faɗin abin da shi da kansa ya yi wa wani, ko yake yi, ko zai yi, irin su "I saw him", "I told her", "I will call you" da "I gave it to them". Duk wanda ya saurari hirar mutane a ƙofar masallaci ko a teburin mai shayi zai lura cewa mafi yawan abin da ake faɗa bai wuce na gan shi, na gaya mata, zan kira ka, ban ba su ba. Haka abin yake a Turanci. Yaron da ya mallaki waɗannan jimloli yana iya rubuta wasiƙa, ya ba da labarin abin da ya same shi, ya amsa tambayar likita ko ta ma'aikacin banki. Wanda kuwa bai mallake su ba, ko da ya haddace manyan kalmomi cike da littafi, da zarar ya buɗe baki sai magana ta sarƙe masa.

Yaran ƙauye irin namu ba sa jin Turanci sai a cikin aji, kuma ko a ajin ma rabin bayanin da Hausa ake yin sa. A gida Hausa ce, a gona Hausa ce, a kasuwar Gujungu ranar Lahadi Hausa ce, rediyon da iyayensu suke saurare da safe ma sashen Hausa ne. Saboda haka duk jimlar Turancin da yaro zai gina, a kan tsarin Hausa yake ɗora ta, ya sani ko bai sani ba. Ni ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Kurakuran da ɗalibaina suke yi a waɗannan jimloli kusan kowannensu yana da tushe a nahawun Hausa, kuma malamin da ya san tushen zai iya hango kuskuren tun kafin yaro ya faɗa cikinsa. Ga shi kuwa babu hanyar kauce wa lamarin, domin sai da kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO ake samun gurbin karatu a jami'a, kuma a jarrabawar JAMB Turanci ne darasin da ya wajaba a kan kowa.

Mafarin yana da sauƙi, domin jerin kalmomi a harsunan biyu iri ɗaya ne: mai aiki a gaba, aikatau a tsakiya, wanda aikin ya faɗa wa a ƙarshe. "Na gan shi" kalma uku ce, "I saw him" ma kalma uku ce, kuma kowace tana tsaye daidai inda takwararta take. Wannan ba ƙaramin gata ba ne. Yaran da suke zuwa Islamiyya da yamma sun san cewa a Larabci "ra'aituhu" kalma ɗaya ce da ta haɗa mai gani da ganin da wanda aka gani, masu jin Barbarci kuma a ƙarshen jimla suke ajiye aikatau. Bahaushe ba sai ya juya tunaninsa ba kafin ya shiga jimlar Turanci, kuma nakan fara gaya wa sababbin ɗalibai haka don su saki jiki.

Wahalar farko tana cikin siffar wakilin sunan kansa. Turanci yana da jeri biyu: "I, he, she, we, they" ga mai aiki, sannan "me, him, her, us, them" ga wanda aka yi wa aikin. Hausa ma tana bambantawa, sai dai ba ko'ina da ƙarfi ɗaya ba. Tsakanin "ya" na "ya zo" da "shi" na "na gan shi" akwai tazara a fili, shi ya sa da wuya ka ji yaro ya ce "I saw he". Amma "ta" ta "ta zo" da "ta" ta "na gan ta" a rubuce abu guda ne, "su" kuma bai yi nisa da "sun" ba. A nan ne ake samun "I saw she" da "I called they", domin yaron ya ɗauka tunda kalmar ba ta sauya a harshensa ba, babu dalilin da zai sa ta sauya a Turanci. A gefe guda kuma, yaranmu ba su cika rikita "him" da "her" ba idan ana maganar mutane, saboda Hausa ta riga ta saba musu da raba namiji da mace, abin da wakilan suna na Yarbanci da na Ibo ba sa yi.

Wannan sabon da jinsi shi ne kuma yake kayar da su idan aka zo kan kaya. Wata safiya a lokacin sanyi na tambayi wata ɗaliba 'yar aji biyu dalilin da ya sa ta zo babu rigar makaranta, na kuma ce ta ba ni amsa da Turanci. Ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana murza bakin hijabinta, sannan ta ce a hankali, "Malam, I wash her." Babu wanda ya yi dariya a ajin, domin a wurin kowa riga mace ce, kuma "na wanke ta" ita ce maganar da kowannensu zai yi. Na ce mata, "Yarinya, kin yi ƙoƙari, jimlarki ta miƙe, kalma biyu kawai za mu taɓa." Sai na rubuta riga, wuƙa, fartanya da mota a gefe ɗaya na allo, na rubuta littafi, keke, buhu da takalmi a ɗaya gefen, na tambaye su yadda za su ce sun sayi kowanne. Na farkon duk "na saye ta" ne, na biyun duk "na saye shi". Daga nan na ja layi ɗaya a ƙarƙashin jerin biyu na rubuta "I bought it". A Hausa babu sunan tilo da ba shi da jinsi, ko dutse ne ko inuwa, amma Turanci ya keɓe "him" da "her" ga mutane, ya bar "it" ga sauran abubuwa. Dabba ce take tsakatsaki, domin mai akuya da ya san akuyarsa yana iya cewa "I sold her" kuma bai yi kuskure ba, ko da yake "I sold it" ita ce hanyar da ba ta da haɗari ga ɗalibi a jarrabawa. Idan aka koma jam'i wahalar ta ƙare, tunda "them" tana ɗaukar mutane da kaya kamar yadda "su" take yi.

Akwai wani abu da yake tafiya tare da wannan, wato barin karɓau (abin da aikin ya faɗa wa) gaba ɗaya. Idan na tambayi yaro da Hausa ko ya kawo littafinsa, zai ce "na kawo", kuma maganarsa ta cika. Haka "na saya", "na gani", "na karɓa". Turanci ba ya yarda a bar irin waɗannan aikatau babu abin da suka faɗa wa, dole ne a ce "I brought it", "I bought it", "I saw it", ko kuma a taƙaita da "Yes, I did". Jimla irin "I have brought" tana tsayawa ne a tsakiyar hanya, mai sauraro yana jiran a gaya masa abin da aka kawo.

Kalmar "you" ita ce mafi sauƙin koyo, amma ita ce yaran suke yawan yi mini tambaya a kanta. Inda muke da "na gan ka", "na gan ki" da "na gan ku", Turanci yana da "I saw you" kaɗai, kuma ba ta sauya siffa ko a gaban aikatau take ko a bayansa. Abin da yake damun ɗalibai shi ne ladabi, domin yaron da aka yi wa tarbiyya a gida ya saba ya ce wa dattijo "na same ku lafiya", sai ya ga kamar rashin kunya ne ya kira hakimi da kalmar da zai kira ƙaninsa. Nakan gaya musu cewa Turancin da can yana da "thou" da "thee" ga mutum ɗaya, "ye" da "you" ga jama'a, kuma "you" ɗin ce ake girmama manya da ita, har ta mamaye sauran ta zama ta kowa. Ke nan duk wanda ka ce wa "you" ka riga ka ba shi "ku" ɗinsa.

Babban bambancin da ke tsakanin harsunan biyu, wanda na fi ba shi lokaci, shi ne wurin da kowanne yake ajiye alamar lokaci. A Hausa ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau ce take ɗauke da lokaci: na kira shi, ina kiransa, zan kira shi, nakan kira shi. A Turanci "I" ba ta motsi, aikatau ne da mataimakansa suke sauyawa: "I called him", "I am calling him", "I will call him", "I call him every day". Abin mamaki kuma, aikatau na Hausa da yawa suna sauya ƙarshensu ne bisa abin da ya biyo bayansu. Muna cewa "na sayi gero" amma "na saye shi", "na tambayi malam" amma "na tambaye shi", "na ga yaron" amma "na gan shi". Turanci bai san wannan ba, "bought" tana nan yadda take ko "millet" ce ta biyo ko "it". Yaro ya saba ya dubi gaba kafin ya gyara aikatau, yanzu ana so ya dubi lokaci. Daga nan ne "I see him yesterday" take fitowa, domin a tunaninsa "I" ta riga ta yi aikin "na", wato ta nuna abin ya wuce.

Idan ya samu ya koyi "saw", sai korewa ta zo ta sake tayar masa da hankali. "Ban gan shi ba" ba ta taɓa aikatau, saboda haka yaro yakan ɗauki "I saw him" ya cusa mata "did not" ya sami "I did not saw him". Ƙa'idar ita ce "did" ta riga ta ɗauke nauyin lokacin da ya shuɗe, don haka aikatau yakan koma siffarsa ta asali: "I did not see him", "I did not tell her", "I did not take it". Wannan kuskure yana da taurin kai, har a rubutun waɗanda suka gama babbar sakandare ina ganin sa, kuma ban san maganinsa da ya wuce maimaitawa da baki ba.

Wasu aikatau kuma lokacinsu a harsunan biyu ba ya haɗuwa ko kaɗan. Idan Bahaushe ya ce "na san shi", siffar abin da ya wuce ya yi amfani da ita, amma sanin yana nan har yanzu. Fassarar ita ce "I know him". Wanda ya ce "I knew him" ya nuna cewa sanin ya yanke, har mai sauraro yana iya zaton mutumin ya rasu. Haka "na gane ka" take zama "I understand you", "na tuna da ke" take zama "I remember you". A ɗaya ɓangaren kuma, "ina" takan ja yara su sa "am" da "ing" a inda Turanci ba ya so. Mai waya a kunne a wurin da sabis ba shi da ƙarfi yakan ce "I am not hearing you", alhali daidaitaccen Turanci "I can't hear you" yake cewa. "Ina da shi" ita ce "I have it", ba "I am having it" ba. Sai kuma "so", wadda Turanci ya raba ta uku: "ina son sa" tana iya zama "I want it" idan buƙata ce, "I like him" idan shiri ne da jituwa, "I love him" idan ƙauna ce mai zurfi. Nakan ja kunnen 'yan aji uku a kan wannan kafin su rubuta wa shugaban makaranta wasiƙar da za ta sa a yi musu dariya.

Inda lamarin ya fi yalwa shi ne jimlolin da Hausa take ginawa da "wa" da 'yan uwanta, wato masa, mata, maka, miki, musu. Ƙaramar kalma ce amma aikinta da yawa, kuma Turanci ya rarraba aikin nan gida-gida. "Na gaya masa" ita ce "I told him", babu "to" a tsakani. "Na ce masa" kuwa ita ce "I said to him", kuma a nan "to" wajibi ce. Aikatau biyu masu ma'ana kusan ɗaya, ɗaya yana ƙin abin da ɗayan yake buƙata, shi ya sa ake jin "I told to him" da "I said him" a aji guda. Aikatau irin su "give", "send", "show", "lend" da "sell" suna karɓar mutum kai tsaye sannan kaya: "I gave him the hoe", "I sent her a message". Amma "explain", "suggest" da "describe" ba sa yarda da haka. Ba a cewa "I explained him the lesson", sai dai "I explained the lesson to him". Babu wata hikima da yaro zai bi ya gano wannan da kansa, sai an nuna masa ɗaya bayan ɗaya.

Idan mutumin da kayan duka suka zama wakilan suna, sai jerin ya juya. Mu muna cewa "na ba shi ita", mutum a gaba, fartanya a baya. Hanyar da ta fi karɓuwa a rubutaccen Turanci ita ce "I gave it to him", kaya a gaba, mutum a baya, da "to" a tsakaninsu. Ana jin "I gave him it" a bakin wasu mutanen Ingila, amma ba na koya wa ɗalibaina ita. Sannan sai a zaɓa tsakanin "to" da "for". Idan kayan ya tashi daga hannuna ya tafi hannunsa, "to" ce: "I sent it to her", "I sold it to them". Idan kuwa aikin na yi ne domin amfaninsa, "for" ce: "na saya mata" ita ce "I bought it for her", "na dafa musu" ita ce "I cooked it for them", "na ajiye maka" ita ce "I kept it for you". Akwai kuma wurin da "masa" ba ta zama ko ɗaya daga cikinsu, domin "na karya masa keke" Turancinta "I broke his bicycle" ne, "na wanke masa riga" kuma "I washed his shirt". Yaron da ya rubuta "I washed him shirt" Hausarsa ce ta fito, kuma gyaran da ya kamace shi shi ne a nuna masa cewa a nan Turanci mallaka yake gani inda mu muke ganin wanda aka yi wa aiki.

Batun aro shi ma daga nan ya taso. Da kalma ɗaya muke cewa "na ari littafinsa" da "na ara masa littafi", haka "na ranci kuɗi" da "na ranta masa kuɗi". Turanci ya ba mai karɓa "borrow", ya ba mai bayarwa "lend": "I borrowed it from him", "I lent it to him". Jimlar "I borrowed him my pen" ta yaɗu a ƙasar nan har ta wuce Hausawa, amma mai duba takardar jarrabawa ba ya ƙyale ta.

Kwanakin baya wani ƙanena da yake ci-rani a Abuja, yana gadin wani gida, ya dawo ƙauye taya mu girbi, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, don Allah duba mini saƙon nan kafin in tura wa maigidana." Abin da ya rubuta shi ne yana jiran maigidan ya kira shi, ya nemi mukullin bai gani ba, daga baya ya same shi ya ba direba. A Turancinsa sai ya fito da "I am waiting you", "I looked the key" da "I gave him to driver". Saƙon layi huɗu ne kawai, amma ya tattara darasin mako guda. A Hausa "ina jiranka", "na neme shi", "na dube shi", "ina sauraronka" duk kai tsaye suke tafiya daga aikatau zuwa karɓau. A Turanci kowanne yana da ƙaramar kalmar da ba ya rabuwa da ita: "I am waiting for you", "I looked for it", "I looked at it", "I am listening to you". Bambancin nema da dubawa gaba ɗaya a kan "for" da "at" ya rataya. Sannan akwai akasin haka, inda mu muke sa "da" su kuma ba sa sa komai: "na sayar da shi" ita ce "I sold it", "na manta da shi" ita ce "I forgot it", "na haɗu da ita" ita ce "I met her". Shi ya sa ba na barin ɗalibi ya rubuta "wait" ita kaɗai a littafinsa da ma'anarta a gefe. Aikatau da ƙaramar kalmarsa turmi da taɓarya ne, tare ake ɗaukar su, don haka abin da zai rubuta shi ne "I am waiting for you" cikakkiya, ya haddace ta haka.

Wani rukunin aikatau mai kalma biyu yana da tasa ƙa'idar game da wakilin suna. Ana iya cewa "I picked up the book" ko "I picked the book up", duka daidai ne, amma da zarar littafin ya zama "it" sai ya shiga tsakiya dole: "I picked it up", "I put it on", "I turned it off", "I woke them up". Ba a cewa "I picked up it". Wannan ba ya da takwara a Hausa, kuma na lura yara suna kama shi da wuri idan an haɗa shi da aiki, a ɗauki alli a ce jimlar, a ajiye a ce "I put it down".

Daga nan sai a hau mataki na gaba, inda wanda aka yi wa aikin shi ma yake da nasa aikin. Muna cewa "ina so ya zo", "na ce musu su jira", "na aike shi ya sayo taki". A Hausa sashe na biyu yana da mai aikinsa, wato ya ko su, shi ya sa yara suke rubuta "I want he should come". Turanci yana mayar da mutumin karɓau, ya bi shi da "to": "I want him to come", "I told them to wait", "I sent him to buy fertiliser", "I asked her to help me". Bayan "let" da "make" kuma "to" ɗin takan faɗi: "I let her go", "I made him wash it". Wannan tsari shi ne ƙashin bayan ba da labari a wasiƙa, kuma ɗalibin da ya iya shi rubutunsa yakan fita daban da na sauran tun a sakin layi na farko.

Yadda nake gudanar da darasin ba shi da wani asiri. Ba na farawa da ma'anar wakilin suna, domin na ga yaran da suke rera ma'anar nan da Turanci babu tuntuɓe amma ba sa iya cewa sun ga mahaifiyarsu jiya. Nakan faɗi jimlar Hausa, layin farko na aji ya mayar da ita Turanci, sannan in sauya abu ɗaya tak, shi ya koma ita, ko jiya ta koma gobe, ko tabbatarwa ta koma korewa, layi na biyu ya amsa. Aikin gida kuma shi ne kowa ya rubuto jimla biyar a kan abin da ya yi wa mutanen gidansu tsakanin la'asar da isha, ba tare da ya ambaci sunan kowa ba. Akan samu "I helped him on the farm", "I fetched water for her", "I greeted them". Na san akwai malaman da suke ganin shigo da Hausa cikin darasin Turanci rauni ne, har ma da masu hukunta yaro idan ya yi ta a harabar makaranta. Ban yarda da su ba, domin Hausar tana cikin kan yaron ko an ambace ta ko ba a ambace ta ba, kuma gara a fito da ita fili a gwada ta da Turancin a ga inda suka rabu.

Akwai ragowar abubuwa biyu da nake barin su sai ƙarshen zango. Na farko shi ne aikin da ya koma kan mai yin sa, inda "na yanke kaina" take zama "I cut myself", ba "I cut me" ba, ba kuma "I cut my head" ba, wadda takan sa ajin dariya da zarar sun gane abin da suka faɗa. Na biyu shi ne "ni da yayana". Hausa tana sa mai magana a gaba, Turanci na ladabi yana sa shi a baya, sannan sai a zaɓa tsakanin "I" da "me". Hanyar gwaji ita ce a cire ɗayan mutumin a ga abin da ya rage. Tunda ana cewa "I went to the farm", to "My brother and I went to the farm" ce daidai. Tunda ana cewa "He called me", to "He called my brother and me" ce daidai, ko da yake ɗaliban da suka fara jin kansu sukan ɗauka "I" ta fi nuna ilimi su sa ta ko'ina. Ita "I" ɗin kuma da babban harafi ake rubuta ta a duk inda ta faɗo cikin jimla, "me" kuwa da ƙarami, sai fa idan ita ce ta buɗe jimlar.